Abinci Mai Zafi a Leda: Magana ga 'Yan Uwanmu Mazauna Legas



Tun watan Janairun 2024, lokacin da gwamnatin Jihar Legas, ta bakin kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab, ta haramta farar robar tekawe ɗin nan mai kama da soso, kusan duk maganar da ake yi a cikinmu kan roba ta kuɗi ce. Masu abinci na kukan cewa mazubin da ya maye gurbinta ya fi tsada. Masu shago na fargabar kada jami'ai su kwashe musu kaya. Ita kuma gwamnati babbar hujjarta ita ce kwatoci da magudanan ruwa da ke toshewa duk damina. Daga 1 ga Yulin 2025 aka fara tilasta dokar a kan siraran ledoji da kofuna da cokulan roba na amfani sau ɗaya. Wannan duka mun tattauna shi a zamanmu. Yau ɗaya ɓangaren muke so mu taɓa, wanda ya fi kwata kusa da mu: abin da ke fita daga jikin roba ya shiga abinci, daga abinci ya shiga cikinmu da na 'ya'yanmu.

Mu ɗauki yini guda na ɗan uwanmu mai neman na kansa a Mile 12 ko Agege ko Idi-Araba, wanda ya baro iyali a gida. Da safe koko ne mai tururi a ƙulle a leda, da ƙosai da aka tsamo daga mai aka jefa a wata ledar. Idan shayi ne za a kai wa maigida shago, shi ma a leda ake ƙullo shi. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji a robar tekawe, a kora da fiya wata da ta yini a rana. Da dare malmalar tuwo biyu, kowacce an naɗe ta a leda tun tana ƙona hannu, miya kuma a tata ledar. Sau uku ke nan a yini, kwana bakwai a mako, shekara da shekaru. Mai iyali a nan yakan ci a kwano ko da sau ɗaya ne a rana, amma ɗan ci-rani kusan babu lomar da ke shiga bakinsa ba ta bi ta leda ba. Shi ya sa maganar ta fi shafarmu a kan mutane da yawa da muke zaune tare da su.

Mu da muka haura arba'in mun tashi mun tarar da fura a ƙwarya, tuwo a akushi ko kwanon samira, ruwa a randa da moɗa a kai, alale a gwangwani, goro a lulluɓe da ganyen fita. A gaban idonmu leda ta shigo ta ture waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuma da dalilinta. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa, ba a wanke ta, ga araha. Mai koko da a da sai ta jira a dawo mata da kwanuka, yanzu ƙullawa take yi ta miƙa ta sallami na gaba. Babu mai musun wannan sauƙin. Sai dai akwai kuɗin da ba a biya a wurin mai shago, jiki ne ke biya a hankali.

Roba daga ɗanyen mai da iskar gas ake yin ta. Amma ba ita kaɗai ba ce a cikin abin da muke riƙewa a hannu. Masana'anta na zuba mata wasu sinadarai: wani don ta yi laushi, wani don ta yi tauri, wani don launi, wani don kada rana ta cinye ta da wuri, wani don kada ta kama wuta. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa akwai sinadarai sama da 13,000 da ke da alaƙa da roba, kuma fiye da 3,200 daga ciki an san suna da wata illa da ke tayar da hankali. Da yawa daga cikinsu ba su kama jikin robar gam ba. Kamar rini ne a sabon yadi: idan ya sha ruwan zafi sai ya fara zuba.

Abubuwa huɗu ke sa su zuba: zafi, maiƙo, tsami, da tsufan robar. Kowace uwar gida ta ga shaidar wannan da idonta. A zuba miyar manja mai zafi a farar roba, ko sau goma aka wanke ta jan nan ba ya fita. Man ya ratsa cikin robar ke nan. To hanyar da mai ya bi ya shiga, ta nan abin da ke cikin robar ke bi ya fito. Ku duba abincinmu kuma: ƙosai, waina, awara, miyar taushe, shinkafa da mai, koko mai tsami, zoɓo, kunun tsamiya. Kusan kowanne yana da biyu ko uku daga cikin abubuwan nan huɗu.

Sinadarin da ya fi suna shi ne wanda ake kira BPA. Wani masani ɗan Rasha ne ya fara haɗa shi a 1891. A shekarun 1930 masu bincike a Ingila suka gano cewa a cikin jiki yana kwaikwayon sinadarin nan na halitta da ke tafiyar da al'adar mata da ɗaukar ciki. Daga shekarun 1950 aka shiga amfani da shi wajen yin roba mai tauri mai haske kamar gilashi, da kuma shafen da ake yi wa cikin gwangwanin abinci da na lemo. Jikin ɗan Adam yana aika saƙo tsakanin sassansa ta irin waɗannan sinadarai, ɗan mitsitsi ya isa, kuma su ke tsara girman yaro, balaga, haihuwa, da yadda jiki ke sarrafa sukari. Idan baƙon abu ya shigo yana kwaikwayon ɗan aike, saƙo na iya rikicewa. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta gwada fitsarin mutum sama da 2,500 tsakanin 2003 da 2004, ta sami BPA a kashi 93 cikin 100. A 2009 masu bincike a Jami'ar Harvard suka sa ɗalibai shan abin sha mai sanyi daga irin wannan roba na mako guda kacal, sai BPA a fitsarinsu ya ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku.

Ƙasashe ba su yi wasa da shi ba. Kanada ta sa shi cikin jerin abubuwa masu guba a 2010. Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012. A 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sake duba adadin da take ganin mutum zai iya ɗauka a rana ba tare da cutuwa ba, ta rage shi sau 20,000 a kan wanda ta tsayar a baya. A ƙarshen 2024 Tarayyar ta yanke hana shi a kayan da ke taɓa abinci. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyu su ne dangin sinadaran da ake kira talet, waɗanda ake zuba wa robar PVC don ta yi laushi. Ana samun su a tiyon ruwa, ledar shimfiɗa ta tsakar ɗaki, wasu kayan wasan yara masu laushi, da wasu ledojin naɗe abinci. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna wasu daga cikinsu na rage sinadarin namiji tare da taɓa halittar gaban ɗan tayi. Saboda haka Turai ta hana su a kayan wasan da jarirai ke sawa a baki tun 1999, Amurka ta yi tata dokar a 2008. Mu tuna da wannan idan za mu sayo wa yaro 'yartsana ko ƙwallo mai laushi mai warin roba a bakin titi, alhali mun san bakinsa zai kai.

Na uku shi ne sitayirin, wanda da shi ake yin farar robar tekawe da aka haramta. A 2018 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa. Yawancin hujjar da ta shafi mutane daga ma'aikatan masana'antu ta fito, masu shaƙarsa da yawa, amma an tabbatar yana ɗan fita ya shiga abinci, kuma ya fi fita idan abincin na da zafi da maiƙo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda soyayyen nama mai zafi ke lotsa gindin tekawe ya ga abin da ake nufi. Don haka ko da jami'i bai zo ba, wannan robar ba abin a yi kewarta ba ce.

Sai kuma ɓurɓushin robar kanta, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. A 2022 masu bincike a ƙasar Holan suka same shi a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada. A farkon 2024 wani bincike na Jami'ar Columbia a Amurka ya ƙirga kimanin ƙwaya 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora. A shekarar dai, likitoci a Italiya suka bi marasa lafiya 257 da aka kankare wa kitse daga jijiyar wuya. Waɗanda aka sami ɓurɓushin roba a kitsensu sun ninka sauran fiye da sau huɗu wajen fuskantar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa a cikin kusan shekara uku. Su kansu likitocin sun ce alaƙa suka gani, ba su yanke cewa robar ce ta jawo ba. Amma alaƙa irin wannan ta isa ta sa mai hankali ya rage.

A nan ya kamata mu tsaya mu faɗi gaskiya, domin ana yawan turo saƙonni a WhatsApp masu tsoratarwa fiye da kima. Leda ba guba ba ce da za a ci yau a faɗi gobe. Wanda ya sha koko a leda shekara ashirin bai kamata ya kwana da fargaba ba. Kuma kada wani ya karanta wannan ya bar fiya wata mai rajistar NAFDAC ya koma shan ruwan rijiyar da ke kusa da masai. Mun ga abin da kwalara ta yi a Legas a watan Yunin 2024. Ƙazamin ruwa na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, illar roba kuwa taruwa take yi a hankali. Ba mu so a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Akwai ma albishir: BPA ba ya daɗewa a jiki, yawancinsa na fita ta fitsari cikin yini guda. Abin da ke sa a same shi kullum shi ne kullum ana ƙara shi. Ranar da mutum ya rage, jikinsa ma zai fara sauƙi.

Roba kuma ba iri ɗaya ba ce. Ku juya gindin kowace roba mai kyau, za ku ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Ba a yin ta da BPA, amma don abu mai sanyi aka yi ta, kuma zafi na sa wani ƙarfe da ake kira antimoni ya ƙara fita daga jikinta. Lamba 2 ita ce ta jarka, 4 ta farar leda, 5 kuma ta yawancin robobin abinci masu murfi. Waɗannan ukun su ne masu dama-dama, kuma 5 ta fi jure zafi. Lamba 3 ita ce PVC mai talet, 6 ita ce ta sitayirin, 7 kuma tarkace ce da ta haɗa har da mai BPA, irin wadda ake yin yawancin manyan gorunan ruwa na ofis da ita. A taƙaice: 2 da 4 da 5 a yi amfani da su da lura, 3 da 6 da 7 a nisanta su da abinci mai zafi. Robar da ba ta da lamba ko kaɗan, a bar ta ga wanki da shara.

Farar ledar ƙulla koko tana cikin masu dama-dama, wannan gaskiya ne. Amma siririya ce, kuma tana fara narkewa da zafin da bai wuce na tafasasshen ruwa da yawa ba, wato kaɗan sama da digiri 100. Man suya kuwa yana kai 170 zuwa 180. Duk wanda ya ga ƙosai ya huda leda ya san abin da ya faru. Baƙar leda ta fi wannan muni. Sau da yawa daga tsofaffin robobin da aka tsinto aka narka ake yin ta, baƙin launin na rufe duk abin da ya gauraya a ciki. Don ɗaukar kaya aka yi ta. Amma muna ganin ana zuba tsire da balangu da soyayyar doya kai tsaye a cikinta, har ana rufe tukunyar shinkafa ko ta dambu da ita don ta turara. Haka butar alwala da baho masu launin ɗorawa da kore da ake yi da narkakkiyar roba: su yi aikinsu na wanka da alwala, kada a mai da su mazubin ruwan sha ko na jiƙa gero.

Maganar alale ta cancanci a ware ta. A nan ba zuba abinci mai zafi ake yi a leda ba, dafa ledar ake yi tare da abincin, da mai a ciki, kusan awa guda a tafasasshen ruwa. Zafi da maiƙo da lokaci duk sun haɗu a tukunya ɗaya. Tun 2016 ministan noma na wancan lokacin, Audu Ogbeh, ya ja kunnen 'yan Najeriya a kan dafa alale a leda da shan ruwan ledar da ya sha rana, mutane da yawa suka mai da abin raha. Mu kuwa da ke zaune a ƙasar Yarbawa, maganin na ƙofar gidanmu. Maƙwabtanmu na da ganyen da suke kira ewe eran, wanda suke naɗe moyin-moyin da shinkafar Ofada da shi, kuma ana sayar da shi a kasuwannin da muke shiga kullum. Alalen ganye ya fi ƙamshi, kowa ya sani. Iyayenmu mata da 'yan uwanmu masu sana'ar alale, ku roƙi maƙwabciya ta nuna muku yadda ake naɗin, ba ya ɗaukar yini guda. Wadda ba ta son ganye, ƙananan kofunan silba na nan, sau ɗaya ake saye a yi shekaru ana mora.

Inda muka fi jin tsoro shi ne wajen mai ciki da jariri, domin a lokacin ne jiki ke ginuwa, kuma abin da babba zai ɗauka bai ji ba yana da yawa ga ɗan wata uku. A 2020 masu bincike a Dublin ta ƙasar Ayilan suka nuna cewa fidar roba, ko da mai lamba 5 ce, idan aka zuba mata ruwan zafi aka girgiza madara a ciki, tana sakin miliyoyin ɓurɓushi a kowace lita. Shawarar da suka bayar mai sauƙi ce: a haɗa madarar da ruwan zafi a kofin silba ko na gilashi, a bari ta huce, sannan a juye a fida. Haka kunun yaye. Fidar da ta dushe ko ta yi zane-zane a jefar da ita. Kuma duk wannan na ƙara nuna darajar nonon uwa zalla a wata shida na farko, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke faɗa a wurin awo.

Sai ruwa. Masu shago, buhunan fiya wata da katan-katan na ruwan gora kada su yini a rana a ƙofar shago. A sa su a inuwa, ko a yi musu rumfa. Direbobinmu da masu Keke da 'yan acaɓa, gorar da ta yini a mota har ruwan ya yi ɗumi ya canza ɗanɗano, a zubar. 'Yan uwanmu 'yan garuwa, ku ne ke shayar da unguwanni da dama a garin nan, amanar da ke hannunku babba ce. Jarkar da man girki ya fito daga cikinta, idan an wanke ta da kyau, don abinci aka yi ta tun asali. Amma jarka ko duro da aka taɓa zuba maganin ƙwari, maganin ciyawa, man inji ko sinadarin masana'anta, babu wankin da ke fitar da shi, don ya riga ya ratsa robar. Kada araha ta ja ku. Haka bokitin fenti da ake jiƙa gasara ko ajiye koko a ciki. Masu zoɓo da kunun aya da fura, gorunan da aka tsinto daga bola ko wurin biki haɗarinsu biyu ne, ga tsohuwar roba ga ƙwayoyin cuta daga bakin wani. A lokacin kwalarar 2024 jami'an lafiya na jiha sun danganta wasu da suka kamu a yankin Eti-Osa da shan wani kunun aya marar rajista. Irin wannan labari idan ya fita, kasuwar kowa yake taɓawa, har da mai tsafta.

Mafi muni a cikin duka shi ne ƙona roba. Mun san yadda ake yi: gawayi ya ƙi kamawa, sai a cusa leda a kunna, nan take ya kama, a ɗora masara ko nama hayaƙin bai gama fita ba. Idan roba ta ƙone, musamman PVC irin ta bayan wayar lantarki, tana fitar da gubar da ake kira dayoksin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan guba na taruwa a kitsen jiki, kuma sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinta ya fita. Tana taɓa haihuwa da garkuwar jiki, tana kuma jawo ciwon daji. Wannan ba irin BPA ba ce da ke fita da fitsari. Masu tsire da masu gasa masara da masu shayi, a nemi ƙirare ko ɓawon kwakwa ko busasshen kwali a kunna wuta da shi. Mahautanmu masu babbake ganda da kai da ƙafa, taya da tarkacen roba ba makamashi ba ne. Wanda ya fara cutuwa shi ne mai tsaye a kan hayaƙin tun safe, kafin mai saye. Ƙannenmu 'yan jari-bola masu ƙona waya don ciro jan ƙarfe, mun san da shi kuke ci kuke aika wa gida, amma fere wayar da wuƙa ya fi, ko da zai ci lokaci. Kuɗin jan ƙarfe ba ya sayen huhu.

Akwai wani ƙaramin abu ga yaranmu masu POS. Takardar rasit mai santsi da ke fita daga na'ura, da yawa ana shafa mata BPA ko ɗan uwansa BPS, kuma yana bin fata ya shiga, musamman idan hannu na da danshi ko maiƙo. Turai ta taƙaita BPA a irin wannan takarda tun 2020. Mai karɓar rasit ɗaya a mako ba shi da damuwa. Mai yaga ɗari a rana ya riƙa wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kuma kada a ba yaro ita ya yi wasa.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a ido. Wata baiwar Allah mai koko, da da sana'ar take riƙe da marayu, ta ce da mu: "Malam, ribar tawa nawa ce? In na bar leda, a me zan zuba wa mai tafiya?" Tambayarta gaskiya ce, kuma ba ta da amsar da za ta zo kyauta. Ba za mu ce wa mai neman abin sawa a baki ta sayi mazubi mai tsada ta ɗora wa kanta ba. Amsar tana hannunmu mu masu saye. A da can kowa da kwanonsa yake zuwa wurin mai abinci, babu wanda ya ga abin kunya a ciki. Kwanon silba mai murfi da ƙaramin fulas na shayi, sau ɗaya za ka saya, ka ajiye a shago ko a rumfa. Kai ka tsira daga leda, ita kuma ta huta da kuɗin ledar. Wanda zai ci a wurin, a ba shi a faranti. Inda leda ta zama dole, a bar ƙosai ya tsane ya sha iska a matsami kafin a zuba, a bar tuwo ya ɗan huce, ko a jera malmala a kula mai cikin ƙarfe ba tare da naɗi ba.

Ba mu ce a kwashe robobin gida a zubar ba. Roba ta ci gaba da aikinta a wurin abu mai sanyi da busasshe: gari, shinkafa, wake, sukari, ruwan da ke inuwa. Abin da muke roƙo shi ne a raba ta da wuta da abinci mai zafi. Kada a dafa a cikinta, kada a ɗumama a cikinta, kada a rufe tukunya da ita, kada a ƙona ta. Wadda ta tsufa ta yi kaushi ko ta fara wari, a sauya mata aiki. Masu haɗa kayan ɗakin amarya, a ƙara silba da tangaran a rage roba.

A ɓangarenmu na ƙungiya, za mu kawo shawara a zama mai zuwa cewa a duk taron da muke da hannu a ciki, suna ne ko ɗaurin aure ko walima, a daina raba abinci mai zafi a leda. Idan muka haɗa kuɗi muka sayi farantai da kofunan silba na ƙungiya, duk mai hidima ya ara ya wanke ya dawo da su, kamar yadda muke yi da kujeru da tabarmi. Muna kuma roƙon shugabannin mahauta, na 'yan garuwa, na masu shayi da na 'yan jari-bola su kai wannan magana ga yaransu da bakinsu, domin da yawa daga cikin waɗanda abin ya fi shafa ba sa karanta wannan shafi. Wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi, ya kuma karanta wa uwargida, tunda tukunya a hannunta take.

Dukkanmu lafiya muka zo da ita garin nan, ita ce jarinmu, kuma da ita muke fatan komawa gida. Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take, ya rubuta a ƙasa kowa ya amfana.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a sana'o'inmu.

Sakataren Ƙungiya